Kar-a-Goge Ya Tafi

Da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina zaune a ofis aka kira ni: abokin aikinmu Kar-a-goge ya cika a asibiti, ciwon zuciya. Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa. Wallahi, ɗan'uwa, har yau na kasa kallon kujerarka.

Tare muka yi aiki a kan zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Akwai wata manhaja mai harhaɗa layukan umarnin da muke rubutawa, in ta ga wanda ba a taɓa ba sai ta yi gargaɗi: an rubuta, ba a amfani da shi. Kai ka raɗa mata suna Gwaggo, saboda mitarta. Mu in Gwaggo ta dame mu, gogewa muke yi mu huta. Kai kuwa sai ka ce, "Kar a goge, a tambayi mai shi tukuna." Nan ka samo sunanka.

Wasu layuka ka fi kafewa a kansu: na allon makafi, wanda ake karanta rubutu da yatsa. Tsohon samfuri ne, yawancin kwamfutoci ba su da shi, shi ya sa Gwaggo ke ganin banza ne. Sai ka ɗora musu wata alama mai rufe mata baki, ka rubuta a sama: akwai masu amfani da shi. Mun sha tsokanarka da ajiyar tarkace, kai dai dariya kawai.

A zaman makoki na ga ƙanwarka, makauniya, malamar makaranta, allon a cinyarta tana bin saƙonnin gaisuwa da yatsa. Ta ce, "Yaya ya ce muddin yana raye allon nan ba zai daina aiki ba. To yanzu fa?"

Ƙa'idarmu ce, layukan da ba su da mai kula, cire su ake yi. Jiya shugaban sashe ya tayar da zancen layukan allon a taro. Na ce a sa sunana a ƙarƙashin naka, ni zan ci gaba da kula da su.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya kai ladan makwancinka. Allah ya ba Inna da iyalinka haƙuri, ya raya abin da ka bari. Ke kuma ƙanwa, amsar da na kasa ba ki ke nan: ci gaba da karatunki, ba a goge ba.