Layuka Biyu da Suka Ƙi Haɗuwa

Shekarun baya, wajen farkon dubu biyu, ina karatun digiri na biyu a kimiyyar ƙasa, na ɗauko wa kaina kayan da suka fi ƙarfin wuyana. Wai ni ne zan koya wa kwamfuta yadda girgizar ƙasa take zuwa, ta lafa, ta sake dawowa. Can ƙarƙashin ƙasa akwai inda dutse ya tsage, ɓangarorin biyu suna manne suna turereniya, ƙarfi yana taruwa shekara da shekaru, rana ɗaya su zame. Kamar ka ɗaura wa turmi roba kana ja ne, ya cije, ya cije, sai ya zabura. Da na yi wa Inna wannan bayani a gidanmu na Anka, cewa ta yi, "To kai, ƙasarmu da ba ta motsi, wa za ka yi ma magani?"

Malamin da ke duba aikinmu ya ba mu lissafi iri ɗaya, ni da abokina ɗan Bukkuyum, ya ce kowa ya rubuta manhajarsa shi kaɗai, ban da leƙen ta wani. Sai sakamakonmu ya zo ɗaya zai sa hannu mu kare aikinmu tare da 'yan ajinmu. In ba haka ba, sai baɗi.

Muka gama, muka ɗora sakamakon biyu a fuskar kwamfuta. Da farko layukan suna tafiya tare abin sha'awa, can sai suka rabu. A tasa manhajar dutsen yana zamewa da wuri, a tawa kullum sai ya makara. Muka yi ta fama, lokaci yana ƙurewa.

Rannan abokina ya ce, "Ka gani, mu ɗauki lissafin cikin taka mu zuba cikin tawa, layi shi hau layi, mu wuce wurin." Gaskiya shawarar ta yi mini daɗi, musamman da yake tawa ya zaɓa. Na ce ya bari in je gida in dawo.

Mahaifina alaramma ne, kuma a lokacin ya kammala rubuta Alƙur'ani da ka, aikin da ya ci masa shekaru. Ina isa ya ce in goya shi a babur zuwa Gummi, zai kai wa wani alaramma ya duba masa. Damina ce, hanya duk ta lalace. Ga kuma babban ɗalibin mahaifin nawa, mahaddaci, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na danne maganar har muka tsaya hutawa a gindin wata tsamiya bayan mun wuce Bukkuyum, sannan na ce, "Malam, da an ba na kusa da gida, ai da mun huta."

Ya gyara ratayar gafakarsa ya ce, "Wancan ni nik karantar da shi. In na yi kure, kurena ya hardace. Shi duba shi ce daidai na, mu biyu mu yi ta murna bisa ɓata. Na Gummi ba mu sha ga malami guda ba."

Na ce, "Amma an ce ba ya raga maka."

Ya ce, "Don haka nika zuwa."

Muka hau babur muka nufi Gummi. Kunya ta kama ni, ko da yake bai san abin da na baro a makaranta ba.

Da na koma na faɗa wa abokina ban yarda ba. Ransa ya ɓaci sosai, kuma ban ga laifinsa ba. Muna ji muna gani 'yan ajinmu suka kare aikinsu suka watse, suka bar mu da kwamfutar sashe wadda sai an yi layi ake samunta. Gaisuwa ma da ƙyar muke yi, amma muka ci gaba da kwatanta lambobinmu taku bayan taku, kowa da manhajarsa a rufe. A ƙarshe muka kama ɓarawon, kuma a ɗakina yake kwance. Daidai lokacin da dutsen zai fara zamewa, manhajata takan yi dogon taku ta tsallake wurin. Wato tawa da muka so mu kwafa, ita ce mai ciwon.

Na je Anka kaina a sunkuye na ba mahaifina labari. Ya jawo gafaka, ya zaro wasu warƙoƙi. A gefensu ga alamomin alaramman Gummi nan, ƙanana, inda wasali ya kauce.

Ya ce, "Ga nawa."

Mun kare aikinmu da shekara ta zagayo. Har yau wannan abokin nawa ne yake duba lissafina, kuma har yau ba ya raga mini. In ɗalibai suka kawo mini layuka biyu da suka hau juna tsaf, ba na saurin murna, sai na tambaya wa ya leƙa na wa. Malam mahaifina ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Da aka zo rabon littattafansa, 'yan'uwana suka ɗauki Alƙur'anin da ya gyara, ni kuwa na roƙi a bar mini warƙoƙin nan masu alama a gefe.