Yadda Na Taya Tikitin Jirgi Kamar Tsohuwar Mota

Shekarun baya, lokacin da filin motocina na Tarauni bai wuce cin mota takwas ba, mutumin da ke turo min kaya daga Beljiyam ya gayyace ni. Ya ce in zo babban birninsu in zaɓi motoci da idona kafin ranar da zai yi lodi. Idan ban iso ba, akwai wani dila ɗan Kaduna da ke jira, shi zai ba wa. Biza ta fito saura wata guda a yi lodi. Na tsara kwana biyu na aiki, biyar na yawon ganin gari.

Saura tikiti. Na je wurin abokina mai ofishin yankan tikiti a Gyaɗi-Gyaɗi. Ya danna kwamfuta ya faɗi kuɗi. Ni kuwa na taya, na zabge kashi ɗaya cikin uku.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Alhaji, jirgi ne fa. Ba a taya shi."

"Babu abin da ba a tayawa," in ji ni. Na gyara zama na yi masa karatu. Na ce kujerar jirgi kamar tumatir take, idan jirgi ya tashi ba kowa a kanta, ta ruɓe ke nan. Don haka da ranar tafiya ta matso, dole su sauko. Na saɓa babbar riga na fita, ina takawa a hankali yadda masu saye suke yi min, ina jiran a ce in dawo. Har na kai bakin titi na tare adaidaita, ba wanda ya kira ni.

Bayan mako ɗaya na leƙa, kuɗi ya hau. Na ce barazana ce, ni ma ina yi wa mai saye. Mako na biyu ya ƙara hawa. Da ya rage kwana shida a yi lodi, abokina ya juyo min da fuskar kwamfutar kawai. Kuɗin ya kusa ninkawa.

"To, malamin tumatir," ya ce, "mu ƙara jira ya ruɓe?"

"Don Allah rufa min asiri. Nemo min, ko a tsaye ne."

Ya yi ta laluba har la'asar. Abin da aljihuna zai ɗauka shi ne mota zuwa Abuja, jirgi zuwa wata ƙasa, zaman kusan kwana guda a kujerar filin jirgi, sannan wani jirgin. Jaka ɗaya ta hannu. Tikitin dawowa mai sauƙin kuɗi kuma kwana biyu ne tak bayan sauka.

Na isa ana gobe lodi, cikin shaddar da na bar gida da ita, duk ta yamutse. Daga filin jirgi sai filin motoci. Na buɗe bonet, na leƙa ƙarƙashi, na zaɓi kayana. Alhamdu lillahi kayan suka karɓe ni, daga su ne harkar tawa ta buɗe. Gari kuwa, ta tagar bas na gan shi.

Da na dawo, matata ta ce in nuna mata Turai. Hoto ɗaya ne a wayata, ni a tsakiyar motoci riƙe da tocila. Ta daɗe tana kallo.

"Maigida, tsakaninka da Allah, ba a bayan filinka ka tsaya aka ɗauka ba?"

Har yau idan na tuna sai in yi dariya ni kaɗai. Na daɗe ina jin haushin mai sayen da zai zo ya koya min farashin motar da ni na sauke ta, ashe haka na je na yi wa wani a ofishinsa. Yanzu idan tafiya ta kama, tun saura wata biyu nake zuwa wurin abokina, in zauna in kama bakina. Na koma garin sau biyu bayan nan. A na biyun da ita na tafi, don ta yarda.