Uwar Ƙwai da Tagoginta

Ƙarfe bakwai na safe za ka ji ƙarar makullanta a barandar ɗakin bincikenmu. Ba ta gaisawa da mutum sai ta fara duba ƙwai. Takan buɗe injin da ke ɗumama su, ta ƙara ruwa a faranti, sannan ta haska kowanne da 'yar tocila ta ga ko da rai a ciki. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Muna ce mata Uwar Ƙwai, ita kuma ta ce, "Na amsa, amma ba zan yi muku kwanci ba."

Ga wanda bai san aikinmu ba, muna binciken yadda sababbin jijiyoyin jini ke tsirowa, domin miki ba ya warkewa in jini bai kai gare shi ba. A cikin ƙwai mai ɗan tsako akwai wata siririyar fata cike da jijiyoyi. Sai a yanka 'yar taga a ɓawon, a ɗiga magani a kan fatar, a rufe. Bayan kwana uku a ƙirga jijiyoyin da suka tsiro suka nufo wurin. Yankan taga aikinta ne, ƙirgar ma haka.

Tana da doka guda: ba ta ƙirga ƙwan da ta san abin da aka ɗiga masa. Mai kula da sito ne ke sa musu lamba da fensir, ya kulle takardar bayanin a aljihun tebur har sai ta gama. Takan ce, "Ido ma yana da son kai."

Shekara shida da suka wuce na taka dokar nan, kuma har yau ina jin kunya. Ina gwada wani ruwan magani da na tace daga sassaƙen itace. Ta yanka rabin tagogin, sai aka kira ta asibiti, mijinta mai ciwon suga miki ya ƙi warkewa a ƙafarsa. Na yanka sauran da kaina, su na ɗiga wa maganin, na kuma ƙirga da kaina. Jijiyoyi kamar saiwar ciyawa! Har na fara rubuta jawabin da zan gabatar a taron masana.

Da ta dawo, ta leƙa ƙwai uku ta ɗago kai.

"Dakta, wa ya yanka waɗannan?"

"Ni ne, Inna."

"Na gani. Ka zuba musu ƙurar ɓawo. Ƙurar ce ta fusata fatar har jijiyoyi suka taru, ba maganinka ba. A sake."

Na ce saura mako biyu taro, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Da ta ƙi, sai bakina ya kufce. Na ce, "Ke da mijinki Malam yake kwance da irin wannan mikin, ke ce za ki tsayar da aikin?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ai saboda shi ne. In na shafa masa ƙurar ɓawo, ƙafarsa za ta warke?"

Aka sake, bisa dokarta. Babu bambanci ko na jijiya ɗaya. Na yi wata guda ina kumbura, ita kuwa kullum sai ta gaishe ni ta tambayi iyali. A wannan shekarar aka yanke wa mijinta yatsun ƙafa biyu.

Inna, ke ce kika fi kowa a ɗakin nan son maganin ya yi aiki, kuma ke ce kika ce bai yi ba. Ke ce mai ido ba ƙarya, mai hannu ba rawa. Sunanki bai taɓa hawa kan takardunmu ba sai can ƙasa, wajen godiya, alhali duk ƙididdigar da muka wallafa ta bi ta idonki.

Muka koma muka rarraba ruwan sassaƙen kashi-kashi, tana yanka taga, tana ƙirga, muna zubarwa. Kashi goma suka wuce a banza. Watan jiya, saura kwana tara ta yi ritaya, mai sito ya buɗe aljihun tebur ya karanto lambobin kashi na sha ɗaya. Bambancin ya fito, karo na uku a jere. Bai zama magani ba tukuna, tafiya na da nisa, amma wannan karon ba ƙura ba ce.

Mun gode, Uwar Ƙwai. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ƙara wa Malam lafiya. Ku kuma masu tasowa, ku koyi rufe takarda kafin ku ƙirga, musamman ranar da zuciyarku ta riga ta zaɓi amsa.

Ranar da bambancin ya fito, muna ta tafi da murna, ita tana goge ɗan zarton da take yanka taga da shi. Na tambaye ta me za ta gaya wa Malam. Ta ce, "Zan ce masa yatsunsa biyun sun tafi, amma watakila a tsirar da na wasu."