Ranar da na jefi ɗorawar mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin 'yata tana da shekara uku, na ɗauke ta daga Funtua muka je ƙauyenmu wajen Maska gaida mahaifiyata. Ƙarshen sanyi ne, daidai sa'ad da ɗorawa ke fitar da furenta, jajayen tuntayen nan masu lilo kamar an rataye su da zare. Muna yara mukan kaɗo su mu tsotsi zaƙin da ke ciki. Ni kuwa da na auri ɗan birni na fara jin kaina, sai na ƙudurta dole 'yata ta ɗanɗana abin da uwarta ta tashi da shi.

Da hantsi mahaifiyata za ta gona kwaso kara, na ce za mu raka ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Da wannan turaren naki? Ke dai kada ki kusanci ɗorawar nan. Fure take, ƙudan zuma sun cika ta, kuma an ɗaura amya a sama." Na ce, "Haba Inna, a nan fa aka haife ni." Ta ce, "To, 'yar gari."

Tana sunkuyawa wajen kwasar karan can gefe, na ja yarinyar zuwa gindin bishiyar. Na ji gunjin, wallahi na ji shi, amma na ce ai abincinsu suke nema. Na samu guntun itace na wurga. Hannun da ya shekara goma bai yi jifa ba, sai itacen ya wuce tuntun ya je ya daki amyar, ƙwas.

Gunjin ya canja. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, kamar an tada injin niƙa a saman kaina. Na ɗaga ido na ga baƙin abu yana saukowa. Na farko ya harbe ni a wuya, na biyu a fatar ido. 'Yata ta ƙwalla ƙara, na ga biyu a goshinta. Abin da ke zuciyata kawai shi ne yarinya ƙarama ba ta ɗaukar harbi da yawa, kuma ni na kawo ta.

Na sure ta zan ruga, sai na ji muryar mahaifiyata: "Kada ki gudu! Kwanta a kanta! Kada ki kore su da hannu!" Na kife a ƙasa, yarinyar a ƙarƙashina. Sai na ji an lulluɓe mu da wani yadi, an danne gefensa. Cikin duhun nan ina jin su suna dukan yadin kamar yayyafi a kwano, ina jin zuciyar 'yata a ƙirjina, ina salati ba na ma iya kai shi ƙarshe. Da yarinyar ta yi shiru na ɗan lokaci, na ɗauka shi ke nan. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan shirun ba.

Maƙwabcin gonarmu da ke ƙona shara shi ya zo da damin kara mai hayaƙi ya kore su. Da aka yaye yadin, 'yata ta yi atishawa ta ce za ta sha ruwa. Harbi uku ne kawai a jikinta. Sai na juya na ga mahaifiyata zaune a kan kunyar gona, kanta a buɗe, furfurarta a waje. Tunda nake ban taɓa ganinta haka a gaban namiji ba. Mayafinta ne a kanmu. Fuskarta ta fara kumbura, kunnuwanta da wuyanta duk ƙarin ƙudan zuma.

A babur aka kai ta asibiti, ta kwana biyu idanunta ba sa buɗuwa. Ina zaune gefen gadon ina kuka ina neman gafara, ta ce, "Wai 'yar gari, kin dai samu tuntun?" Na ce, "Inna, don me ba ki rufe kanki ba?" Ta ce, "Ke kin rufe taki, ni ma na rufe tawa."

Yau 'yata tana sakandare, ba ta tuna komai, zuma ma ba ta wuce ta. Mahaifiyata ta rasu. Ni kuwa har yanzu duk ƙarshen sanyi, in na hango ɗorawa ta yi ja a hanyar Bakori, sai wuyana ya ɗau zafi. Mayafin yana cikin akwatina, ban taɓa iya yafa shi ba.