Wanzamin da ya ƙi taɓa wuyan Sada

Da an idar da sallar asuba, Baba Mukhtari Wanzami yakan shimfiɗa buzunsa a gindin ɗorawar da ke bakin hanyar ruwa, a ƙauyenmu na ƙasar Bunkure, ya buɗe zabira, ya wasa aska. Manoman rani ne farkon zuwa, kafin su shiga ban ruwa. Bayansu 'yan dako, sai kuma tsofaffin da hira ta kawo su fiye da aski. Haka na tashi na same shi. Bana ya naɗe buzun, saboda ido ya yi rauni, hannu kuma ya soma rawa. Ba a tara jama'a ba, ba wanda ya tashi ya ce masa an gode. Wannan abin kunya ne a gare mu, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mutane sun ɗauka aikin wanzami a gashi ya tsaya. Hannun dama ne ke riƙe aska, amma na hagu, mai tallafe kai, shi ya san ƙeyar kowa a garin nan. Baba yakan ce Allah bai yi ƙeya iri ɗaya ba. Wata shafaffiya ce, wata tana da ƙullutun ƙashi daidai inda ƙoƙon kai ya hau wuya, wata ma ƙullutun har da ɗan tsini.

Ina zaune ranar da Fatihu mai injin ban ruwa ya zo a firgice. Ya shafa ƙeyarsa ya ji tudu, wani mai tallar magani kuma ya ce masa ƙari ne, sai an yi sakiya, wato a huda da ƙarfe mai zafi.

Baba ya ce, "Yaushe ka ji shi?"

"Jiya, Baba."

"Kai jiya ka ji shi. Ni tun kana rarrafe nake kauce masa da aska. Na kakanka ya fi naka, a nan hularsa take tsayawa. Yana ciwo? Yana ƙaruwa? Tunda babu ko ɗaya, to ƙashinka ne, tashi ka ba na baya wuri. Ranar da ya soma ciwo ko ƙaruwa, asibiti za ka, ba wurina ba."

Aka yi dariya, Fatihu ya tafi da ƙeyarsa ba ƙuna.

Maganar Sada kuwa ba ta dariya ba ce. Sada ɗan dako ne, magidanci mai iyali, kwandunan tumatir yake ɗauka a ka daga gona zuwa bakin mota. Gajeren wuya gare shi tun haihuwa, in zai waiwaya sai ya juyo da kafaɗa gaba ɗaya. A tsakiyar kakar tumatir ciwon ƙeya ya kama shi, hannuwansa suka soma mutuwa, yatsu kamar ana tsira musu allura. Al'adar 'yan dakonmu, in wuya ya ƙage, a yi ƙaho a ƙeya, sannan a kama haɓa a murɗa kai har ya yi ƙara, a mayar da gammo a koma aiki. Abin da ya kawo Sada ke nan.

Baba ya taɓa ƙeyar a hankali, ya ce ya matse masa yatsa. Sada ya kasa matsewa da ƙarfi. Baba ya rufe zabira.

"Ba zan yi ba."

"Haba Baba! Jiya ka yi wa mutum uku a gabana."

"Wuyansu ba naka ba ne. Naka ban taɓa murɗa shi ba tun kana yaro, ba ka lura ba? Ban san abin da ke ciki ba, kuma hannuna ba ya gani."

"To in ka tsufa ne ka faɗa mana, mu nemi wani."

"Na tsufa. Nemi wani, amma sai na riga ka zuwa wurinsa."

Ya kuwa yi. Ya taka har gidan maɗorin ƙauyen maƙwabtanmu ya roƙe shi kada ya ja wuyan nan. Ya samu sarkin 'yan dako ya ce duk wanda ya ɗora wa Sada kwando, alhakin yana kansa. Ya aika matarsa ta yi wa Kubra, matar Sada, bayani. Kubra ce ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce wa mijinta, "Malam, in ka faɗi a gona, wa zai ɗauke ka, wa zai ɗauke mu?" Da kyar ya yarda. Baba ya bar masu jiran aski, ya shiga mota da Sada zuwa babban asibiti a Kano.

Aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya nuna musu cewa ƙashin farko na wuyan Sada a manne yake da ƙoƙon kai tun halitta, na ƙarƙashinsa kuma ya matso kusa da lakar da ta ratsa cikin ƙashin wuya, nauyin kwando yana ƙara danna shi. Ya ce da an murɗa da ƙarfi, ana iya rasa hannu da ƙafa a nan take. Aka ɗaura masa abin tallafe wuya, aka sa masa ranakun komawa, aka hana shi ɗaukar kaya a ka har abada. Baba ya ce shi kansa a ranar ya fara ganin abin da hannunsa ya daɗe yana tsoro.

Yanzu Sada tsinkar tumatir yake yi a gonakin Kadawa, samun bai kai na dako ba. Har yau yakan ce Baba ya raba shi da sana'arsa. Yana faɗa ne a tsaye kan ƙafafunsa.

Baba Mukhtari, kai ne ka ji an ce ka tsufa a gaban jama'a, ka haɗiye, ba ka buɗe zabira don ka wanke kanka ba. Kai ne ka zaɓi fushin mutum a kan nakasarsa. Mai aska, mai tsoron Allah, mun gode. Allah Ya ƙara wa idonka haske, Ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma samarin da ke murɗa wuyan juna a shagon aski don jin ƙara, da masu huda duk tudun da suka shafa, ku daina. Baba yana nan a zaurensa da ransa. Ku je ku gaishe shi, ku tambaye shi inda hannu ya kamata ya tsaya, tun yana iya ba ku amsa.