Bayan Shingen Gora

A nan unguwar Faisal ta Alƙahira masu sayar da gas ba sa talla da baki. Mutum zai turo kekensa cike da tukwane yana dukan ɗaya da guntun ƙarfe, matan benaye su leƙo ta taga. Shekara uku ke nan ina jin wannan ƙarar kowace hantsi, amma har yau in ta zo mini ba shiri takan mai da ni wani ƙauye can a tsibirin Sumatra, inda na yi shekara biyar na ƙuruciyata.

Na san za ka yi mamakin abin da ya kai Bahaushiya can. Mahaifina Bakatsine ne, karatu ya kawo shi Masar, a nan ya auri mahaifiyata, 'yar ƙabilar Batak, ita ma ɗaliba. Ina da shekara shida zazzaɓi ya ɗauke shi. Umma ba ta san kowa a Najeriya ba, sai ta ɗaure kayanmu ta kai ni gidan ubanta.

Ƙauyen bai kai gida ashirin ba. Gidajen katako ne a kan dirkoki, mutane a sama, kaji da awaki a ƙasa. Ruwan sama ba ya jimawa bai sauka ba, don haka komai warin danshi yake yi, hatta tabarmar salla. An kewaye garin da shingen gora mai rai, kakannin kakanni suka dasa shi, ya yi duhun da ko akuya ba ta ratsa shi. Ƙofa ɗaya ce. A cikin shingen nan ban taɓa ganin kwaɗo a jikin ƙyaure ba. Rumbunan shinkafa a buɗe suke, mace za ta shanya zanenta ta tafi gona ta dawo ta tarar maƙwabciya ta kwashe mata don kada ruwa ya jiƙa shi. A bakin masallaci kuma an rataye wani gungumen icce da aka rarake cikinsa. In an buga shi a hankali, mutuwa aka yi. In an buga da sauri, gobara ce ko ɓarawo, kowane namiji ya fito da abin da hannunsa ya samu.

Kakana shi ne dattijon garin. Dukiyarsa gonar shinkafa ce da bauna ɗaya, ba irin ta dajinmu ba, ta gida mai sanyin hali wadda ake noma da ita. Yakan wanke ta da hannunsa yana yi mata magana. Shi kaɗai a gidan ba ya kallona a matsayin baƙuwa. Sauran yara kuwa gashina suke ja, suna tambayata sunan zuriyarmu, don a can kowa da sunan zuriyar ubansa, ni kuma ba ni da shi.

Akwai wani mutum da yake zaune a wajen shingen, shi da matarsa da jaririnsu. Daga wani tsibiri ya zo, yana tsagar itatuwan roba yana tara ruwansu. Kakana ne ya ba shi aron fili a gefen gonarsa ya kafa bukka, ya shuka rogo. Ana salla da shi, ana sayen rogonsa, amma ba a taɓa ce masa ya shigo ciki ya zauna ba. In na wuce yakan ɗaga mini hannu. Sau biyu ya ba ni dafaffen rogo a ganye.

Ina da shekara tara abin ya faru, bayan girbi, lokacin da gonaki suka zama kututturen kara da laka. A watannin nan an sace bauna biyu a ƙauyen da ke gaba da mu, zukatan maza a sama suke. Ranar kasuwa ce, Kakana ya yi sammako ya tafi gari. Da hantsi kawuna, yayan Umma, ya je turke ya tarar da guntuwar igiya, babu bauna. Ya tara mu yara yana huci, ya ce wa ya ga wani abu.

Ni na gani. Da safe na je ɗiban ruwa na hangi mai roba yana jan baunar ya nufi rafi. Ba zan ɓoye maka ba, daɗi na ji. Ranar ce ta farko da duk idanun gidan suka juyo kaina ba don gashina ba. Na ɗaga murya da harshensu na ce, "Mai roba ne. Na gan shi yana janta."

Kawu bai ƙara tambayata komai ba. Ya ruga masallaci ya kama gungumen nan da duka.

Na bi sauran mata zuwa ƙofar gari. Daga nan ana hango bukkar. Mutumin yana durƙushe yana wasa wuƙar aikinsa lokacin da suka iso, ya miƙe da ita a hannu don bai san abin da ya kawo su ba, wani ya yi ihu wai ga shi da makami. Na ji muryarsa sau biyu yana cewa, "Ku je rafi ku gani! Ku je rafi!" Rafin bai kai tafiyar shan ruwa ba. Ba wanda ya je, sai suka rufe shi da duka. Mutanen da na sani, mai gyara mini takalmi, mai kiran salla, uban ƙawata, duk suna ciki. Umma ta ture ni ta ruga ta faɗa tsakiyarsu tana kiran sunan Allah, aka janye ta. Wani ya cinna wa bukkar wuta. Matar tana tsaye da jaririn a ƙirji, ba ta yi kuka ba, bakinta kawai yake buɗe.

Kafin la'asar mai roba ya cika.

Muna nan cirko-cirko sai ga Kakana ya ɓullo ta hanyar rafi, yana jan baunarsa. A inuwar bishiya ya tarar da ita, an ɗaure ta ɗauri mai kyau, an yanko ciyawa an zuba mata. Sai a lokacin matar ta yi magana. Ta ce baunar ce ta tsinke igiya ta faɗa musu rogo, mijin ya ce ba zai shigar da ita gari ba tsoho ba ya nan, kada a ce ƙara ya kawo, bari ya shayar da ita ya ɗaure har mai ita ya dawo.

Kakana ya dubi gawar, ya dubi mazan ɗaya bayan ɗaya. Ya sake igiyar ta faɗi ƙasa. Shi ya yi masa wanka, shi ya shiga kabarin. Da 'yan sanda suka zo bayan kwana biyu, gari ya zama baki ɗaya: daga bishiya ya faɗo. Ni ba a tambaye ni ba, matar kawu ta ɓoye ni a rumbu har suka tafi.

Na daina cin abinci. Wata safiya Kakana ya zaunar da ni a matakalar gida ya ce, "Jikata, abin da idonki ya gani kika faɗa. Mu da muke da furfura ne ba mu koya wa 'ya'yanmu tambaya ba." Na so in yarda da shi. Amma na san daɗin da na ji, shi kuma bai sani ba.

A Juma'ar nan ya tsayar da mutane a masallaci ya ce su shaida, filin da bukkar take ya zama na jaririn har abada. Kawu ya ce ƙasar zuriya ba ta fita daga zuriya. Kakana ya ce, "Jininsa ya saye ta." Duk da haka matar ba ta zauna ba. Kafin arba'in ta goya ɗanta ta hau motar katako, ba ta yi sallama da kowa ba.

Kakana bai ƙara wata damina ba. Bayan an share makoki kawu ya ce a al'adarsu gona da gida na 'ya'ya maza ne, mace da ta auri bare ta bi bare. Umma ta karanta masa ayar gado, ya ce, "Karatunki na Masar, ki mayar da shi Masar." Wuri ɗaya ne kawai ba wanda yake so ya taka. Can muka koma, muka kafa ɗaki a kan tokar bukkar. Da muna haƙa ramin dirka na tono wata ƙonanniyar tukunya, Umma ta wanke ta ta ajiye.

A nan na san yadda garin yake in ka dube shi daga waje. Shingen da nake ganin kamar bargo ne, ashe bayansa kawai yake nuna wa mutum. Ko kaza ce ta ɓata a ciki, sai mun ga ana leƙo ɗakinmu. Umma ta rubuta wa ƙanen mahaifina wasiƙa. Ina da shekara goma sha ɗaya Baffa ya zo ya tafi da ni Katsina, ita ta ce ba za ta bi mu ba.

Aure ne ya dawo da ni Alƙahira, maigidana yana saro kaya a kasuwar Ataba. Shekarar da muka zo aka yi hargitsi, mazan unguwa suka fito da sanduna suna tare baƙin fuska. Maigidana ya ɗauki sanda zai bi su, na tsaya a bakin ƙofa na ce sai dai ya taka ni. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, na fasa," bai tambayi dalili ba.

Muna waya da Umma duk wata. Ta ce an sare gorar, an shimfiɗa kwalta, kowane gida yanzu da ƙofar ƙarfe da kwaɗo biyu, amma sata ta fi ta da. Gonar Kakana an sayar. Titin kuwa ta gaban ɗakinta ya bi, filin da aka ƙi takawa ya zama mafi tsada a garin, 'ya'yan kawu sun fara kai mata ziyara da takardu. Na roƙe ta ta bar musu ta zo mu zauna, ƙafafunta sun fara kumbura, ba mai ɗebo mata ruwa.

Ta ce, "Ba nawa ba ne da zan bar musu. Jiran mai shi nake."

In yana raye, yanzu ya kai shekara ashirin da biyar. Ni da Umma babu wadda ta san sunansa.