Ba Goro Ba Ne a Bakin Inna

Jama'a, ku sa mu a addu'a!

Da hantsi muna kwasar dammunan shinkafa a fadamarmu ta Shanga, ni da Inna. Ta tura hannu ƙarƙashin dami, sai ta ce, "Wash! Wani abu ya sare ni." Na hango wutsiyar kububuwa tana shigewa cikin damin. Innalillahi!

Kawu Ɗanjuma ya rugo ya ɗaure mata damtse tamau da igiya, ya ce a kawo reza. Inna ta ce, "Ba mai tsaga ni. Lafiyata lau." Muka zauna a inuwa, har hira take.

Bayan azahar ta tofar da miyau, jajir! Na ce, "Inna, goro kika ci?" Ta ce, "Wane goro? Yau ko ɓara ban sa a baki ba." Na duba, jini ne ke tsattsafowa daga dasashinta!

Muka hau kabu-kabu sai asibiti a Yelwa. Nas ta kwance igiyar tana faɗa: "So kuke hannun ya ruɓe?" Ta ɗebi jini a kwalba, minti ashirin ya ƙi daskarewa. Nan take aka ɗaura mata ruwa da maganin dafi. Yanzu jinin ya tsaya.

Sai ga kiran Kawu. Ya ce ba a ga macijin ba, kuma an riga an kai dammunan tsakar gidanmu a amalanke. Duk wanda ke kusa, don Allah ya fitar da yaran da ke gidan!